Ranar da Madugu Ya Karanta Teku

Jiya da hantsi ina jingine da bangon biro, ofishin nan na Nasara, na ji ɗayanku, ku ƴan lakwal masu karatun boko, yana ce wa abokinsa wai aikin tafinta aikin aku ne, a zuba maka ta kunne ka zubar ta baki. Kuka bushe da dariya. Ni ma na taya ku, don ƴan haƙoran da suka rage mini ba su da wani aiki yanzu sai wannan. To amma tunda kun taɓo zancen, ku gyara zama. Aku bai taɓa kashe kowa ba. Ni kuwa akwai wani kabari can gabas cikin rairayi wanda harshena ne ya haƙa shi, kuma mai kabarin shi ya ba da ragon sunana. Sai na fara gaya muku yadda na shiga aikin, in ba haka ba ba za ku gane inda na yi kuskuren ba.

Ni ne Sule, ɗan Hadiza mai cuku. Ubana baduku ne a nan cikin birni, ya so in gaje shi, amma hannuna bai taɓa yanka fata a miƙe ba. Bakina ne ke da kaifi. Na tashi da Hausar kasuwa, da Buzancin ɗakin kakata, da ɗan Larabcin allo. Ina saurayi na bi ayari zuwa Damagaram, ciwo ya kwantar da ni, ayari ya juyo ya bar ni. Da na warke sai na shiga ɗebo wa dawakin sojan Faransa ruwa don in sami abin kaiwa baka. Faransancin da na fara koya zagi ne zalla, don shi aka fi yi mini, sai daga baya na tsinci sunan guga da igiya da ciyawa. Lokacin da sojan suka hauro arewa suka kafa sansani a Agadas na biyo su, na shigo garinmu ina jan dokin baƙo.

Wanda ya koya mini aikin sunansa Sidiki, mutumin Bambara ne da ya zo tare da sojan tun daga yamma. Faransancinsa kamar ruwa, Hausarsa a karkace, Buzanci kuwa ko gaisuwa bai iya ba, shi ya sa ya ɗauke ni. Shekara biyu ina tsaye a bayansa ban buɗe baki a gaban Nasara ba sai in Buzu ya shigo. Ku kuna ganin tafinta ba shi da kayan aiki don ba ku ga guduma ko almakashi a hannunsa ba. To yana da su. Na farko wurin tsayuwa ne, taki ɗaya bayan kafaɗar hagun Nasara. Ka matsa gaba, mutane su ɗauka kai ne alƙalin. Ka matsa cikin mutane, Nasara ya ɗauka kun haɗa baki. Sai goro a kumatu, ba don marmari ba. In magana ta zo da wuta, kafin ka juya goron daga wannan kunci zuwa wancan ka sami numfashi biyu na tunani, kuma babu wanda zai ce ka yi jinkiri. Sannan ido. Ba fuskar Nasara ake kallo ba, hannunsa ake kallo. In ɗan yatsansa ya fara ƙwanƙwasa tabur to haƙurinsa ya kusa ƙarewa, ko me ake faɗa sai ka naɗe masa tabarma.

Na tuna wani mai lambu daga bakin rafin Telwa da raƙuman soja suka cinye masa alkama ana saura kwana kaɗan girbi. Ya shigo ya durƙusa, fuskarsa a sake kamar mai zuwa barkar haihuwa, ya ce da murya mai laushi, "Allah shi sa yadda kuka ci alkamata, kura ta ci uwarka da rana tsaka." Kapitan, babban sojan, ya waiwayo ya ce, "Kes kil di?" Wato me ya ce. Da wannan tambaya na yi ta kwana ina tashi har na tsufa. Sidiki ya juya goronsa ya ce, "Yana cewa kai ne inuwar talaka, kuma alkamarsa ta tafi, ga iyali." Aka auna wa mutumin gero, ya fita da fatar bayansa lafiya lau. Da muka fito Sidiki ya kama kunnena ya ce da karkatacciyar Hausarsa, "Magana raƙumi ne. Wani ka ƙetare da shi da kayansa duka. Wani ka sauke masa rabi. Wani ka bar shi ya mutu a bakinka." Ya ƙara mini da biyu. Nasara ba ya son doguwar magana, gaisuwar mutum goma ka mayar da ita kalma ɗaya. Kuma ko wuƙa aka sa maka a wuya kada ka ce ban sani ba, don ranar da ka faɗa, washegari wani ne zai tsaya a wurinka. Na haddace su kamar karatun allo. Abin da bai koya mini ba shi ne yadda ake gane wane raƙumi ne wanne, mai yiwuwa don shi ma laluba yake yi.

Masu zuwa wurinmu kuwa, da safe su aiko maka da ƙwai da dabino, da yamma ka wuce su tofar da yawu. Bakin Nasara suke kiranmu. In hukunci ya yi daɗi a ce Kapitan adali ne, in ya yi ɗaci a ce tafinta ne ya murɗe. A masallaci sai ka ga sahu ya cika maƙil, amma gefenka akwai wurin mutum guda.

Kapitan ɗin da zan ba ku labarinsa, mutanen gari suna kiransa Jan Kunne, don in ransa ya ɓaci kunnuwansa ke fara sanarwa. Ba shi ne mafi mugunta cikin waɗanda na yi wa aiki ba. Ya zo da wani zane daga ƙasarsu, zanen hannu da launi a kan ƙyalle, an kewaye shi da katako, faɗinsa bai kai buzun salla ba. Ya kafa ƙusa ya rataye shi a bangon da ke bayan taburinsa, daidai saman kaina in na tsaya. Shi ne wannan da ke can har yau, wanda kuke rataya hulunanku a ƙusarsa. Yanzu ya koɗe. A lokacin baƙaƙen duwatsu ne masu tsini a hannun dama, wani farin abu yana hawa kansu, sauran duka toka-toka da kore-kore a cakuɗe, sama kuma ta yi baƙi kamar hadarin da ke haɗuwa ya ƙi zuba.

Mu nan ba a rataya abu a bango sai in yana da aiki, kamar salka ko takobi ko laya. Don haka mutane suka yanke cewa layar Nasara ce, wasu ba sa yarda ko su ɗaga ido wajen. In sun tambaye ni, ni da aka hana cewa ban sani ba, sai in ba kowa abin da ya zo bakina. Sidiki ya ce mini teku ne, ruwa mai faɗin hamadar Tenere, kuma ba ya shayuwa. Na ce to, amma a raina na ɗauka ƙaryar matafiya ce. Ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne Telwa in ta kawo, kwana biyu ta wuce ta bar yashi. Shekara uku ina tsayuwa ƙarƙashin zanen nan ban ga komai a cikinsa ba sai dagwalgwalo.

Sai mugunyar shekara ta zo. Damina biyu ruwa bai yi abin kirki ba, gero ya ɓuya, Nasara kuma ya kwashe raƙuman mutane don ɗaukar kayansa, waɗanda ya maido ƙashi da fata ne kawai. Ana tsakiyar bazara labari ya iso wai bindigogi na gangarowa daga arewa zuwa ƙasar Kawar ta garin Sigidin, can ƙetaren Tenere. Jan Kunne ya ce zai tafi, kuma yanzu. Kowa ya san ba a ƙetare Tenere da bazara, ayarin gishiri da kaka yake tashi. Da aka ji ana neman madugu, duk wanda ya san hanya ya sulale ya shige duwatsun Abzin. Mutum ɗaya ya rage a gari, Madugu Alhasan, aminin ubana, don shi ya wuce shekarun gudu. Soja biyu suka je suka ce masa ya zo biro gobe. A makon kuma kurkunu ya kwantar da Sidiki, ƙafarsa ta kumbura kamar turmi. Karo na farko ke nan da zan tsaya ni kaɗai.

Da la'asar Madugu ya zo zaurenmu, ya zauna a kan buzun ubana, wanda ya rasu a shekarar da ta gabata. Ya ce, "Ɗan Hadiza, kai za ka tsaya gobe?" Na ce ni ne, Baba. Ya ce, "To alhamdu lillahi, na gida ne. Saurara. Dundumi ya kama ni, shekara biyu ke nan, ban hwaɗa ma kowa ba sai Gaisha." Gaisha matarsa ce. "Da rana ina ganin ƙwayar gero a ƙasa. Rana na hwaɗuwa, ko tahin hannuna ba ni gani. Tenere kuwa da tauraro ake bin ta, bare da bazara da ba a tahiya sai rana ta kau. In na ja mutane, na kashe su. Ka hwaɗa mishi hakanan, dalla-dalla, kada ka rage." Na ce, "Baba, ka bar mini. Wanga aikina ne." Har da ɗan murmushi na faɗa.

Washegari ya tsaya gaban tabur da sandarsa, ya fara kamar yadda dattijo ke farawa, daga gaisuwa, zuwa shekarun da ya yi yana jan ayari, zuwa yadda ciwon ya soma. Ni idona na kan hannun Jan Kunne. Ɗan yatsa ya fara ƙwanƙwasa. Na ce a raina, wa zai tsaya yi wa Nasara bayanin ciwon da ke zuwa da magariba ya tafi da asuba? Cewa zai yi wayo ne. Sai na sauke wa maganar kaya, na ce, "Kapitan, tsohon nan ya makance." Jan Kunne ya dubi sandar, ya dubi furfurar, ya yi tsaki, ya jawo takarda zai rubuta a sallame shi. Ya tsoma alƙalami ya tarar tawada ta bushe, don zafin shekarar ko tawada bai bari ba. Ya tashi ya shiga ɗakin ciki neman wata. Da tawadar nan ba ta bushe ba, da Madugu a kan gadonsa zai mutu.

Da Kapitan ya kauce, zanen ya fito sarai a gaban tsohon. Hali zanen dutse. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana karanta ƙasa ba ya iya ganin ƙasa ya ƙyale, ko da a bango take rataye. Ya karkata kai ya fara magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba, da kansa.

"Wanga ba rairayi ba ne," ya ce. "Na ɗauka tuddai ne, amma rairayi ba shi hawan dutse da kumfa a baki. Ruwa ne. Kai, ruwa da yawa haka! Kuma mai ɗaci ne, dibi bakinshi, babu ciyawa ko ɗaya, babu sawun dabba. Iska daga hagu take, da ƙarhi, ga kumfar duk ta kwanta gehe guda. Duwatsun ga an cinye musu gindi, ba yau aka hwara dukansu ba, tun kahin kakannin kowa." Ya ɗan matsa. Jan Kunne ya dawo da tawada ya tsaya a ƙofa, tsohon bai lura ba. "Ga wani abu can a lungu, kamar raƙumi ya durƙusa. Akwai mutane ciki. Suna so su zagaya bayan dutsen su samu mahwaka, amma sun makara, iska ta hi su. Ba su kaiwa." Sannan ya ce, "Wanda ya yi wanga aiki bisa tudu yake tsaye, ƙahwarshi a bushe. Kuma shina da nashi cikin abin can. In ba haka ba, mi za ya sa mutum shi tsaya cikin wagga iska shina kallo?"

"Kes kil di?"

Ga raƙumin da ya kamata ya mutu a bakina. Yana yi maka addu'a, shi ke nan, kalma huɗu, a rubuta takarda kowa ya tafi gida. Goro na cikin kumatuna, ban ko juya shi ba. Gaskiya ita ce maganar ta yi mini daɗi. Shekara uku ina kallon dagwalgwalo, tsoho ya buɗe mini shi kamar an buɗe taga, na ga ruwa, na ga iska, na ga jirgin da ban taɓa lura da shi ba. Kuma Faransanci ya zo mini a ranar kamar an shafa masa mai, ina so Jan Kunne ya san ba Sidiki kaɗai ya iya ba. Na ƙetare da maganar da kayanta duka, har da mai tsayuwa a kan tudu.

Kunnuwan Kapitan ba su yi ja ba, fari suka yi. Ya ajiye tawadar. Sannan ya ce ƙanwarsa ce ta zana, daga tudun bayan gidansu, kuma wansu ya fita a irin wannan jirgi bai dawo ba. Ya matsa ya ɗora yatsa kan jirgin, abin da bai kai ƙwallon dabino ba. "Makaho ne ya ga wannan daga taki biyar?" Na fara inda-inda, na ce ai da rana yana gani, da dare ne ba ya gani, wani ciwo ne da muke da shi a nan. Ya ce, "Ɗazu makaho, yanzu rabin makaho. Waye maƙaryacin, kai ko shi?" A nan ma akwai amsar da za ta fid da tsohon, in ce ni ne. Na dubi wurin tsayuwata, na haɗiye amsar. Ya yaga takardar, ba da fushi ba, har yana kallon Madugu kamar wanda ya yi tsintuwa. Ya ce mutumin da ya karanta tekun da bai taɓa gani ba zai kai shi Sigidin ko ido a rufe.

Madugu ya ce, "Mi ya ce, ɗana?" Na ce, "Ya ce jibi za a tashi, Baba." Ya dube ni, ya dubi zanen, ya ce, "Bakina ne ko naka?" Na duƙa ina tsince yagaggiyar takardar. Ya ce, "To, Allah shi kai mu."

Muka tashi, Kapitan da sojan raƙuma da mutanen gari da aka kamo su ja dabbobi, ni kuma dole, don babu wani mai juya magana. Muddin muna cikin Abzin babu damuwa, hanya ce ta dutse da itace, ana iya bin ta da rana. Da muka kai bakin rairayi muka cika salkuna, Madugu ya roƙa a ci gaba da tafiyar rana. Wannan na juya ta daidai, ban rage ba. Kapitan ya ce raƙuman da yunwa ta cinye ba za su jure ba, kuma yana da gaskiya. Ya kuma hana kowa cikin mutanen gari matsowa kusa da madugu, don kada su haɗa baki su juya da mu. Ni kaɗai ke gefensa. Kapitan yana da wani ɗan abu kamar agogo mai nuna arewa, amma ya jefa shi cikin jaka, ya ce da irin wannan ja-gaba ba ya bukatarsa.

Da aka yi magariba Madugu ya matso da raƙuminsa ya ce a hankali, "Yanzu kai ne idona. Nemo taguwa, taurarin nan bakwai. Bi ta gabanta, za ka ga guda shi kaɗai, ba shi da haske sosai, ba shi motsi. Aza mini shi bisa kahwaɗar hagu. Ka gan shi?" Na ɗaga kai. Ni ɗan birni ne, sama a wurina rufi ce kawai. Taurari sun fi gero a masussuka yawa, kowane bakwai na ƙirga sai su yi mini kama da taguwa. Abin da zan ce kalma uku ne, ban sani ba, sai ya sa in kira wani daga baya ko da za a yi mana bulala. Amma shekara da shekaru ana kashe mini kalmomin nan a baki. Na zaɓi wani mai haske na ce, "Na gan shi, Baba." Tauraron nawa mai tafiya ne, muka bi shi yana juya mu har gari ya waye.

Da haske ya fito Madugu ya ga inda rana ta ɓullo, ya durƙusar da raƙumi ya sauka. Ya shafa kwanciyar rairayi da tafin hannu, ya ɗebo ya murza, ya ce, "Ɗan Hadiza, wane tauraro ka ba ni?" A lokacin ne na ce ban sani ba, bayan ta tashi daga aiki. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Ya gyara rawaninsa, ya kama akala, ya ce daga yanzu da rana za a yi, kuma a ƙasa zai tafi don ya ga rairayi da kyau. Kapitan ya ciro abin nuna arewa ya duba, bai yi musu ba.

Kwana uku ya yi yana tafiya a ƙasa cikin ranar bazara, tsoho mai wajen shekara saba'in. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, kuma ba na so. Salkuna suka koma fata. Harshe ya kumbura, har ni mai sana'ar baki na kasa haɗa kalma biyu. Mutum biyu cikin masu jan raƙuma suka zauna ba su tashi ba, ɗaya maƙwabcinmu ne, majemi, wanda ubana ke sayen fata a wurinsa. Rana ta uku da azahar Madugu ya tsaya a wani wuri da babu abin da ya bambanta shi da ko'ina, ya nuna da sanda ya ce a tona. Ashe rairayi ne ya binne bakin rijiyar. Muka tona da hannu da kwano har ruwa ya fito. Kowa ya sha ya miƙe, ban da shi. Ya sha, amma jikin ya riga ya ƙi karɓa.

Jan Kunne ya durƙusa kusa da shi a inuwar bargon da muka kafa, ya ce in tambaye shi me ya ɓatar da mu a daren farko. Na tambaya. Madugu ya buɗe ido ya ce, "Ce mishi idona ne." Na ce, "Baba." Ya ce, "Ce mishi hakanan. Wagga kada ka rage, kada ka ƙara." Na juya ta daidai, kalma da kalma. A duk shekarun aikina ban yi fassarar da ta kai wannan tsabta ba, kuma ƙarya ce na ɗauko, wadda aka yi don a rufa mini asiri. Kapitan ya cire hularsa ya ce, "Ashe gaskiya ya faɗa." Kafin la'asar Madugu ya cika. Muka binne shi gabas da rijiyar, babu dutsen da za a aza, sai sirdin wani raƙumi da ya mutu.

Wasu Tubawa da suka zo shayarwa suka kai mu Sigidin. Ba mu tarar da bindiga ko ɗaya ba, sai dabino da gishiri da ƴan tsofaffi. Muka zauna har kaka, muka biyo ayari.

Babu mai ƙetarowa da bazara, don haka babu wanda ya kawo labari gida. Ranar da muka doso Agadas, tun kafin hasumiyar masallaci ta fito sosai, na hango mutum guda tsaye a kan tudun gabas da gari, iska na kaɗa mayafi. Inna Gaisha ce. Daga baya na ji tun da muka tafi kullum sai ta hau. Na tuna maganar tsohon, mai tsayuwa a tudu da ƙafa a bushe, na so ƙasa ta tsage in shige. Na sauka na miƙa mata rawaninsa da tasbaharsa. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta juya rawanin a hannu ta ce, "Sule, ya ce mini na gida ne za ya tsaya. Mi ka hwaɗa ma Annasara?" Na ce, "Abin da ya hwaɗa, Inna." Ta ce, "Duka?" Na ce, "Wani duka, wani rabi." Ta gyaɗa kai ta gangara. Ta yi shekara tara bayan nan, unguwarmu ɗaya, ba ta yi mini baki ba, ba ta kuma sake kiran sunana ba.

Sidiki kaɗai na gaya wa komai. Ya juya goronsa, sannan ya ce shi ma yana da nasa kabarin a wani gari can yamma, kuma tafintan da ya ce ba shi da shi bai waiwaya ba ne. Na so in bar aikin. In bari in ci me, a shekarar da ake tonon gidan tururuwa don hatsi? Na koma wurin tsayuwata.

Da wa'adin Jan Kunne ya cika ya tattara kayansa duka, ya bar zanen. Ya ce ba ya iya kallonsa kuma. Ni aka bar wa kallo. Nasara nawa suka zauna a taburin nan suka tafi, ni kullum da safe in shigo in ga iska daga hagu, in ga kumfa ta kwanta gefe guda, in ga jirgin nan a lungu yana so ya zagaya bayan dutse, har yau bai kai ba. Makon jiya kai, mai dogon wandon nan, ka ce mini, Baba Sule, wai wannan zanen me yake nufi? Na ce ban sani ba, kuka yi dariya kuka ce tsohon tafinta ya ƙare. Na sani sarai, an karanta mini shi sau ɗaya. Amma kalmomin nan uku sai da na binne mutum uku kafin bakina ya iya su, don haka yanzu ba na rowarsu. Ku dai ku nemi wata ƙusa ku rataya hulunanku.